Tsohon da Ya Ƙi Shan Ruwa

Tun ina makarantar koyon aikin jinya a Parakou na raba darussanmu gida biyu: waɗanda za su amfane ni, da waɗanda ake cinye mana lokaci da su. Na farko su ne na hannu, neman jijiya, allura, wankin ciwo, ɗinki. Na biyu kuwa darasin ranar Talata ne, wanda ake kira falsafar jinya. Wata siririyar malama ke ba mu shi. Sai ta tsaya gaban allo tana jero mana tambayoyi da Faransanci: mene ne mutum, mece ce lafiya, wane aiki ne na mai jinya wanda ba na lokotoro, wato babban likita, ba. Ni ko ɗiyar ɗan kasuwa ce. A rumfar albasar babana na girma cikin kasuwar Malanville, inda abin da ba a aunawa a tiya, ba a kuma ɗorawa a kai, ba a ɗauke shi abu ba. Can baya nake zama ina gyangyaɗi. Da jarrabawa ta matso na haddace, na juye musu a takarda, na ci, na bar musu kayansu a bakin ƙofa.

Da na gama na dawo gida, na samu aiki a wani ƙaramin asibiti a gefen gari. Ba yabon kai ba, hannuna ya yi suna da wuri. Jijiyar da ta ɓuya wa kowa, ta jariri ko ta tsohuwar da zawo ya zuƙe, ni ake kira. Bakina ma ya yi suna, wannan kuma ba abin alfahari ba ne. Mutane likita suke ce mana duka, mu da lokotoron da ke zuwa sau biyu a mako, ni kuma sunan yana yi mini daɗi fiye da yadda ya kamata.

Ga yadda aiki yake a wurinmu. Ba wanda ya rubuta shi, haka munka iske. Mu ke ba da magani, mu yi allura, mu wanke ciwo. Sauran kuwa, ciyar da maras lafiya, yi mishi wanka, kai shi makewayi, ko ɗaukar fo in ba ya iya tashi, duk na danginsa ne, waɗanda ke shimfiɗa tabarma a gindin gado ko a inuwar dogon yaron tsakar gida. In ka ga ma'aikaciya da fo a hannu, to ɗan'uwanta ne a kwance. Na sha faɗa da bakina cewa ban yi shekara uku a Parakou don in kwashe bawalin kowa ba.

Shugabarmu, wadda muke kira Majo, ƴar kudu ce daga can bakin teku. Ta daɗe a arewa, amma Dendinta, yaren garinmu, a karye yake, Hausarta kuma ba ta wuce sannu da ina kwana ba. Kowace safiya in muna zagayen gadaje ba ta tsayawa kan magani. Ya ci? Ya sha? Ya yi bawali? Ya samu barci? Ya iya yin sallarsa? Wa ya yi hira da shi jiya? Tambayoyin malamar Talata ne sak, sun biyo ni har garinmu. A bayan idonta karatun Majo muke ce musu, ni ce ma mai kwaikwayon muryarta in muna cin abinci.

A shekarar da gadar kogin da ke tsakaninmu da Nijar take rufe anka kawo mana wani tsoho daga Madécali. Manomin shinkafa ne, asalinsa mutumin ƙetaren kogi, wajen Gaya. Ya faɗo daga kan kabu-kabu, ƙafarsa ta dama ta tsage daga ƙasan gwiwa har idon sawu. Anka yi ta sa mishi magani a gida har mako guda. Kafin a kawo shi ƙafar ta kumbura sumtum, warinta ya riga shi shigowa ɗaki, ga zazzaɓi. Ko dafa shi anka yi ba ya iya taka ta.

Mace ɗaya ce ta zo da shi, matar ɗansa na fari. Matar tsohon ta rasu, ɗiyansa mata duk suna aure a Nijar, ɗan kuma direban kamiyo ne, babbar motar kaya, rufewar gada ta rutsa da shi da motarsa a wancan gefen. Ita kaɗai ta rage, ta bar yaranta wurin maƙwabta ta biyo shi. Doguwa ce, mai sanyin magana. Ba ta shiga ɗakin da takalmi. In ta kawo abinci sai ta durƙusa ta aje ƙwarya gefen gado, kanta a ƙasa, ta fita ta zauna a inuwa ta juya wa ƙofa baya. Na gani, na ce a raina wagga tana da ladabi, na wuce.

Lokotoro ya duba ƙafar ya faɗi gaskiya. In zazzaɓi ya sauka kuma ciwon ya fara tsabta cikin mako guda, ƙafa ta tsira. In ba haka ba sai a tura shi babban asibitin Kandi, can kuma mai yiwuwa yankewa za a yi. Ni na juya wa tsohon maganar da Hausa. Ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Da ƙahwa biyu na zo duniya, ɗiyata, da biyu za a rufe ni." Daga nan na san in abin ya ɓaci ba zai tafi Kandi ba, gida zai koma ya jira mutuwa.

Na sa ƙwazo a kan ciwon nan, wallahi na sa. Safe da yamma ina wankewa, ina cire ruɓaɓɓen nama, allurarsa ba ta taɓa makara ba. A rana ta uku ciwon ya fara ja, alamar rai. Amma shi mutumin sai ƙasa yake yi. Leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa, in na tsunkuli fatar bayan hannunsa sai ta tsaya a tsaye ta ƙi komawa. Na kira surukar na tambaye ta ko yana cin abinci. Ta ce ƙwarya dai fanko take dawo mata, da ta fura da ta ruwa. Na juya gare shi, tana durƙushe a wurin, ɗaki cike da mutane, na ɗaga murya yadda muke yi wa tsofaffi ko da ba kurame ba ne.

"Baba, yaushe rabonka da bawali?"

Ya juya fuskarsa wajen bango. Na ce to, taurin kan tsofaffi ya motsa. Na ɗauko ƙarin ruwa na ɗaura mishi, sau ɗaya na soka na samu jijiya. Na je na yi wasu alluran na dawo, na iske allurar tana reto, ruwa na ɗiga a ƙasa. Na haɗiye fushina na sa a ɗaya hannun. Kafin azahar ya sake zare ta.

Nan fa raina ya ɓaci. Na ɗauko ƙyallen ɗaure ciwo, na ɗaure wuyan hannunsa a jikin ƙarfen gado, ɗaya hannun kuma na ɗaure shi yadda ba zai kai ga allurar ba. Ina ɗaurewa ina faɗa. Na ce mishi nan ba gidan wasa ba ne, in ya gaji da rayuwa ya bari sai ya bar mana gado tukuna. Da mutumin da ya girmi babana nake wagga magana. Bai ma ja hannun ba.

Leda biyu ta ƙarin ruwa ta shiga jikinsa. Wajen la'asar sai ga shimfiɗarsa ta jiƙe, har yana ɗiga ta ƙasan gado. Ni kuwa murna na yi, tsakanina da Allah murna, don ƙoda ta tashi aiki ke nan. Na ce da ƙarfi, "Alhamdu lillahi, bawali ya zo." Na leƙa tsakar gida na kira surukar ta zo ta canza mishi shimfiɗa. Ta zo. Na ga ta kawar da kai har wuyanta ya kusa juyewa tana jan zanen daga ƙarƙashinsa. Na ga shi ya rufe ido ya datse haƙora. Duk na gani da idona, amma abin da na rubuta a takardarsa shi ne maras lafiya ya yi bawali da yawa, na sa hannu na tafi gida da sanyin rai.

Majo ba ta nan a ranar, ta je taro. Washegari da safe ita ta fara isa gadonsa. Ta kwance ƙyallen a hankali, ta murza mishi wuyan hannu inda ɗaurin ya bar sawu, sannan ta ce in same ta a ɗakinta. Da Faransanci muke magana da ita.

"Me ya sa ya cire allurar?" ta tambaye ni.

"Taurin kai."

"Wannan zagi ne, ni dalili na tambaye ki." Ta cire gilashinta ta aje. "An koya miki, na san an koya miki, don ni ma an koya mini. In mutum ya bar yin abin da ya saba yi wa kansa, ɗayan uku ne ya rasa: ko ƙarfin yi, ko sanin amfaninsa, ko son yi. Wanne tsohon nan ya rasa? Hannunsa ba ya iya kai kofi baki?"

"Hannun da ya zare mini allura sau biyu?"

"To yana da ƙarfi. Bai san amfanin ruwa ba?"

"Manomin shinkafa ne, Majo."

"Saura ɗaya ke nan. Mutum mai hankalinsa, ƙishirwa na kashe shi, ruwa na kusa da hannunsa, ba ya so. Me ya sa? Ni ban sani ba. Ni baƙuwa ce, ko gaisuwarku ban gama iyawa ba. Ke ɗiyar garin nan ce. Je ki zauna wurinsa, kada ki ɗauki komai a hannunki."

Na ce ina da allurai jibge suna jirana, ba ni da lokacin zaman hira. Ta miƙo hannu ta karɓi farantin alluran ta ce ita za ta yi. Na fito ina huci, ina cewa a raina yau karatun Majo ya faɗo kaina.

Na jawo kujera na zauna gefen gadonsa. Na gaishe shi, ya amsa da kai. Na yi tambaya ɗaya, biyu, shiru. Ban taɓa zama haka a ɗakin nan ba, kullum a tsaye nake ina sauri, har ban san yadda zan yi da hannuwana ba. Ina nan zaune sai mai gadon kusa ya yi gyaran murya. Wani ƙaton ɗan dako ne na kasuwa, zazzaɓi ya kwantar da shi, ya warware amma ba a sallame shi ba tukuna. Ya sunkuyo ya ce mini da Dendi, ƙasa-ƙasa, "Likita, ni fa ina jin tsoron Allah. Furar nan ni ke shanyewa. Kwana huɗu ke nan. Da ta fita sai ya miƙo mini, ya ce shi ya ƙoshi. Ruwan ma ni." Ya ƙara da cewa, "Shekaranjiya da rana, da ɗaki ya yi tsit, ya sauko yana jan gindi zai tafi makewayi. Bai kai ƙofa ba. Ni na maida shi gado."

Na dubi ƙofa. Makewayinmu yana can ƙarshen tsakar gida, sai ka wuce dogon yaro, inda surukar take zaune ta ba mu baya. Na duƙa na leƙa ƙarƙashin gado. Ga fo nan da murfinsa, ƙura ta kwanta a kai, ba a taɓa taɓa shi ba.

A gidanmu, in matar yayana ta shigo da abinci, babana ko tsakiyar magana yake sai ya tsaya, ko ruwa ba ya kurɓa sai ta fita. Ita kuma ba ta taɓa faɗin sunansa ba, yaron maƙwabta mai irin sunan ma wani laƙabi ta sa mishi. Cikin wanga na buɗe ido. Ba sai an gaya mini abin da ke tsakanin mutum da matar ɗansa ba, balle ɗan fari. Tsohon nan lissafi ya yi: in ya sha zai yi bawali, in ya ci zai yi bayan gida, ƙafa ba ta kai shi makewayi, kuma a asibitin nan mutum ɗaya ce za ta ɗauki fo. Sai ya toshe abin daga tushe. Ni kuma na ɗaure shi na ɗura mishi ruwa, na yi shela, na kira ta da bakina. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji tsanar kaina, na ji tausayinsa.

Na tashi na je wurin surukar na ce ta hau kabu-kabu ta je Madécali ta ga yaranta, ta dawo da yamma, ni zan kula da shi. Ta yi jinkiri, na matsa mata har ta tafi. Na dawo na durƙusa gaban gado, yadda ya kamata in yi tun ranar farko, na ce, "Baba, na gane. Ka yafe mini abin da na yi maka jiya."

Muryarsa da ta fito a bushe take. "Ba ki yi laihi ba, ɗiyata. Aikinki kinka yi."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na yi mishi bayani cewa ciwon yana warkewa, amma jikin da babu ruwa ba ya yaƙar zazzaɓi, in ya ci gaba haka ba ƙafa kaɗai zai rasa ba. Ya ce ya sani.

"Yarinyar ga ɗiyar mutane ta," ya ce. "An ba mu ita ta zauna da ɗana, ba ta kwashe ƙazantata ba. Jiya…" Ya dubi rufi. "Gara in bushe."

"Ni zan ɗauka, Baba. Ba ita ba."

"Ke ma ɗiyar wani ta."

Na rasa ta inda zan ɓullo. Muddin ina ce mishi Baba yana ce mini ɗiyata, kunya tana nan tsakaninmu, ko ba ta kai ta suruka ba. Don dai kada shirun ya yi tsawo na tambaye shi ko yana zuwa kasuwarmu. Ya ce tun yana saurayi yake tsallako kogi da albasa cikin jirgi. Na kwatanta mishi rumfarmu. Ya ɗan juyo. Ya ce ai ya san mai rumfar na da, wani gajere mai muryar da ake ji har bakin kogi, sun sha yin faɗa kan awo. Na ce kakana ne.

Ina faɗin haka na ga ƙofa. Sa'an kakana ne, ni jika ce ke nan, tsakanin jika da kaka kuwa ba kunya sai wasa. Na tashi daga durƙuson, na riƙe ƙugu.

"Ashe mijina ne kwance nan yana yi mini yanga," na ce. "Kai ango, wane irin ango ne kai, ko kofin ruwa ba ka iya gamawa? Wallahi in ba ka sha ba na fasa auren, in koma wa wancan ƙaton da ke shanye maka fura."

Ɗan dakon ya tuntsire da dariya har gadonsa na ƙara. Tsohon ya dube ni sosai, karo na farko tun zuwansa. Gefen bakinsa ya motsa.

"Wa zai auri mai ɗaure mutane kamar akuya?" ya ce.

"Kai mana. Wa kake da shi in ba ni ba?"

Na tallafo kansa na kai mishi kofi. Ya kurɓa kaɗan, ya tsaya, sai kuma ya kama kofin da hannu biyu. Sai da na ƙwace don kada ya ƙware.

A ranar munka matsar da gadonsa lungu, na ɗaura igiya na rataya zane biyu sunka zama labule. Munka yi yarjejeniya: in yana buƙata ya buga ƙarfen gado da cokali, ni zan zo. In ba na nan, ɗan dakon ya ce shi zai ɗauka, ai furar da ya sha ba za ta tafi a banza ba, kuma ko bayan an sallame shi yana leƙowa daga kasuwa. Surukar aikinta girki da wankin riguna, shimfiɗa ba ruwanta da ita. Ba zan yi ƙarya ba, ranar farko da na ɗauki fo ɗin sai da na tsaya bayan makewayi ina yunƙurin amai. Abokan aikina sun samu abin yi, wata ta ce ashe shekara ukun Parakou ta yi rana. Na ba ta amsar da har yau ba ta manta ba, ba zan rubuta ta a nan ba.

Majo ta tambaye ni abin da na gano. Na zauna na yi mata bayanin surukuta tun daga cire takalmi har ɓoye suna. Ta saurara baki buɗe, tana rubutawa a ɗan littafinta, ta ce shekarunta nawa a garin nan tana ganin mata na juya wa ɗaki baya, ta zaci zafi suke gudu. Daga ranar ta ƙara tambaya ɗaya cikin na safiya: wa ke jinyarsa, kuma mece ce ita a wurinsa?

Na sha tunanin wanga abu. Amsar tana cikina tun ina goye, amma ba ta fito ba, don ban yi tambayar ba. Ciwo nake gani, jijiya nake gani, in abu ya ƙi tafiya yadda nake so sai in ce taurin kai in ƙara ƙarfi. Majo kuma tambayar gare ta, amma da za ta shekara a gefen gadon nan ba za ta gane ba. Waɗanda sunka rubuta littattafan da anka koyar da mu ba su san suruka ba. A ƙasashensu ma'aikaciya ke ɗaukar fo, ba wanda zai ƙi ruwa don wannan. Sun jera buƙatun mutum layi-layi, ci daban, sha daban, bawali daban, mutunci daban, shi kuwa tsohon nan duk a ƙulle suke a wurinsa, ka ja ɗaya sauran su biyo. Duk da haka tambayarsu ce ta zaunar da ni kan kujera. Yanzu in ɗalibai sun zo koyon aiki wurinmu, ina ganin masu irin halina, masu kyawun hannu da raina darasin Talata. Ba na yi musu wa'azi, na san ba ya shiga. Farantin allura nake karɓewa in nuna musu kujera.

Kwana biyu da fara shan ruwansa zazzaɓi ya sauka. Ya fara cin tuwo, ya fara zama yana salla da alwalar da nake kawo mishi ruwanta a buta, ya fara yi mini tsiya cewa amaryarsa ba ta iya dama koko ba. Da lokotoro ya dawo ya buɗe ciwon, ya daɗe yana dubawa, ya ce ƙafa ta tsira. Za ta sandare, zai yi ɗingishi har ƙarshen ransa, amma tasa ce.

Ina cikin wagga murna na iske surukar a bakin famfo tana wanke ƙwarya tana kuka ba sauti. Ashe ɗan dakon, da bakinsa da ba ya rufuwa, ya yi barkwancin furar a tsakar gida, ta ji. Ta ce mini, "Kwana huɗu ina damawa, shina ba wani. Mi na yi mishi, likita? In hannuna ne ba shi so, a gaya mini, in nemo wadda za ta dama." Ta ce tun da ta shigo gidan bai taɓa ɗaga mata murya ba, ta ɗauka yana ganin mutuncinta. In na faɗa mata dalilin, na sake tsiraita shi a gabanta, wanga karo da gangan. Na ce mata dai ba ƙinta yake yi ba. Ta ce to, amma na ga ba ta yarda ba.

Da na je wanke mishi ciwo na ce, "Ango, ƙafarka ta warke, amma ka bar wata da ciwo a bakin famfo." Na gaya mishi abin da ta ce. Ranar bai yi mini wasa ba.

Ranar sallama kabu-kabu biyu sunka zo. Ɗan dakon ya ɗauko shi cak ya ɗora a bayan ɗaya, na gyara mishi ƙafar, na maƙala sandarsa. Surukar tana tsaye da ƙunshin kaya a kai, ba ta fi taku biyu daga gare shi ba, ta ba shi gefe, idonta a ƙasa. Mai moto ya tada inji, tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce ya kashe. Ni ya duba, bai ko karkata wajenta ba.

"Ke mai ɗaure mutane," ya ce, "in kin ga uwar yaran can, ki ba ta saƙo. Ki ce mata hurar da take damawa, kullum sai na sa yatsa na ɗanɗana kahin in ba wancan ƙato. Tun rasuwar uwar mijinta ban sha irinta ba. Ki ce ba hurarta na ƙi ba. Ki ce in mun isa gida ta dama mini cike da ƙwarya, ni zan shanye, tunda yanzu ƙahwata tana kai ni inda za ni."

Na juya wurin matar da ta ji kowace kalma, na maimaita mata saƙon daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba. Ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska, kafaɗunta na motsi. Munka jira ta.

"Ki ce mishi na ji," ta ce.

Na juya na ce mishi ta ji.